Matsalar Rashin Laburaren Tarayya Wajen Girka Manhajar Nazarin Sauti: Sanadinta da Hanyoyin Magance ta

1.0 Gabatarwa

A da, kunne da alƙalami su ne kayan aikin mai nazarin furuci. Da su ake rarrabe gari na zaman mutane da gari na tuwo, ko fara ta launi da fara mai tashi da kuma fara ta soma aiki. Kunne yana jin bambancin, amma ba ya iya faɗin yawansa. Ɗalibin da ke son ya nuna cewa dogon wasali ya fi gajere da kaza, ko kuma karin sama ya ɗara karin ƙasa da kaza, dole ya auna, kuma awon yana buƙatar kwamfuta da manhaja.

Manhajar da ta fi shahara a wannan fage ita ce Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan suka samar tun cikin shekarun 1990. Sunan nata daga harshen mutanen Holan yake, ma'anarsa magana. Kyauta ake ba da ita, kuma tana aiki a kan Windows da macOS da Linux. Linux ɗin nan, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, shi ma kyauta ne, kuma akwai nau'o'insa marasa nauyi da tsohuwar kwamfuta ke iya ɗauka. Sai dai kuma a kansa ne ɗalibi ya fi cin karo da wani saƙo mai firgitarwa, wanda ke cewa an rasa wani laburare, saboda haka manhajar ba za ta tashi ba.

Wannan takarda za ta yi bayanin abin da ake nufi da laburaren tarayya, da yadda ake karanta saƙon kuskuren, da sanadai huɗu da ke haddasa shi, da maganin kowanne. Abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne, saƙon jimla ce kamar kowace jimla. Wanda ya iya li'irabi zai iya gane abin da take faɗi, kuma wanda ya gane ba zai kai kwamfutarsa a goge masa aikin watanni ba.

2.0 Fagen Misali: Hausar Zango a Wagadugu

Domin bayanin ya zauna sosai, an ɗauki misali daga Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. Hausawa sun daɗe a ƙasar Mosi, domin ɗaya daga cikin hanyoyin fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ta nan ta ratsa, kuma duk inda ayari ya saba yada zango akan sami masu zama. Tsohuwar unguwar da aka fi sanin Hausawan Wagadugu da ita ita ce Zangouettin, wadda aka rushe a 2003 tare da wasu unguwannin tsakiyar gari ƙarƙashin shirin gine-gine na ZACA, mazaunanta suka watsu zuwa wasu sassan birnin. Hausar da ake ji a wannan birni ta yi zaman cuɗanya da Mosanci da Julanci da Fulatanci da Faransanci. Don haka muryar dattijo ɗaya da ya tashi a zango abu ce mai daraja ga mai nazarin karin harshe, kuma idan ta salwanta ba lalle ne a sake samun irinta ba.

A ɗauka cewa wani ɗalibin ilimin harshe ya shafe makonni yana ɗaukar muryoyin dattawa Hausawa a unguwar Paspanga, wadda ba ta da nisa da Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, wato tsohuwar Jami'ar Wagadugu da aka kafa a 1974. Yana son ya gano ko dogayen wasulan ƙarshen kalma suna nan daram a bakinsu kamar yadda suke a Hausar Kano ko ta Sakkwato. Kwamfutarsa tana ɗauke da Ubuntu, wani nau'in Linux da ya fara fitowa a 2004. Wani na gaba da shi a karatu ya ba shi tsohon kwafin Praat a filashi. Ya kwafa, ya danna, shiru. Ya buɗe tagar umarni, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, ya rubuta ./praat, sai ga wannan amsa:

./praat: error while loading shared libraries: libgtk-x11-2.0.so.0: cannot open shared object file: No such file or directory

Galibi da Ingilishi wannan saƙo yake fitowa, ko da an saita kwamfutar da Faransanci. Wannan ma kaɗai ya isa ya ƙara wa ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci ruɗani. A kan wannan misali za a gina sauran bayanin.

3.0 Ma'anar Laburaren Tarayya

Kalmar laburare a nan ba ɗakin littattafai take nufi ba. Fayil ne da aka tara wasu ƙananan ayyuka a cikinsa, waɗanda manhajoji da yawa ke buƙata, kamar zana taga a kan allo, ko aika sauti zuwa lasifika, ko buɗe hoto, ko yin lissafi. Maimakon kowane mai rubuta manhaja ya sake rubuta waɗannan ayyuka, sai a rubuta su sau ɗaya, kowa ya riƙa ara.

Hanyoyi biyu ake bi wajen amfani da laburare. Ta farko ita ce a ɗinke shi a jikin manhajar tun wajen ƙirarta. Irin wannan manhaja takan yi nauyi, amma ba ta neman komai a wurin kowa. Ta biyu ita ce a bar laburaren a wajen manhajar, a rubuta sunansa kawai a cikinta, sai lokacin tashi ta neme shi. Wannan shi ne laburaren tarayya, domin kwafi ɗaya ne manhajoji da yawa suka yi tarayya a kansa. Amfaninsa a fili yake: ana samun sauƙin wuri, kuma idan aka gano aibi a cikinsa aka gyara, duk masu aro sun amfana. Illarsa kuwa ita ce, ranar da aka neme shi aka rasa, manhajar ba ta da abin yi.

Rayuwar zango ta isa misali. Falke ba ya ɗauko turmi da randa da tukunya daga gida, domin ya san zai tarar da su a masauki. Abin da yake zuwa da shi shi ne hajarsa da kuma sanin abin da zai nema. Mai masauki ne zai nemo masa kowanne. Idan aka rasa tukunya, girki ya tsaya, amma wannan ba ya nufin hajar falken ta lalace.

A Linux sunan irin wannan fayil yana ɗauke da .so, a Windows yana ƙarewa da .dll, a macOS kuma da .dylib. Matsalar iri ɗaya ce a ko'ina, sai dai sunan da ta amsa.

3.1 Mahaɗi da Wuraren da Yake Dubawa

Mai masaukin manhaja a Linux wata ƙaramar manhaja ce da ake kira ld.so. A wannan takarda za a kira ta mahaɗi, kalmar da ɗaliban nahawu suka riga suka sani, domin aikinta shi ne haɗa manhaja da laburarenta. Duk lokacin da aka tayar da manhaja, mahaɗi ne ke fara aiki. Yakan karanta jerin sunayen da manhajar ta zo da su, sannan ya shiga nema. Ba ya bin kwamfutar lungu-lungu. Wurare ƙalilan yake dubawa, waɗanda suka haɗa da:

a. Jakar da maƙerin manhajar ya rubuta a jikinta, idan ya rubuta.
b. Jakunkunan da mai kwamfuta ya ambata a cikin wani saiti mai suna LD_LIBRARY_PATH.
c. Rajistar laburare da ke cikin fayil ɗin /etc/ld.so.cache, wadda umarnin ldconfig ke rubutawa.
d. Jakunkunan asali, irin su /lib da /usr/lib.

Idan ya gama da waɗannan bai samu ba, sai ya tsaya ya ba da rahoto. Ke nan saƙon da ɗalibin Paspanga ya gani ba daga Praat ya fito ba. Praat ba ta ma kai ga tashi ba. Mahaɗi ne ke magana.

3.2 Ƙirar Sunan Laburare

Sunan laburare yana da ƙira, kuma ana iya feɗe shi kamar yadda ake feɗe kalma a darasin tasarifi. A ɗauki libasound.so.2, wanda shi ne laburaren sauti na Linux:

lib: ɗafa-goshi, mai nuna cewa fayil ɗin laburare ne.
asound: saiwa, wato ainihin sunan.
.so: ɗafa-ƙeya, mai nuna cewa na tarayya ne.
.2: babbar lamba, mai nuna zubin laburaren.

Babbar lambar nan ita ce ta fi muhimmanci. Idan masu laburare suka yi ƙaramin gyara wanda bai taɓa yadda ake kiran ayyukansa ba, sukan bar ta yadda take, su sauya ƙananan lambobin da ke bayanta. Shi ya sa ainihin fayil ɗin da ke kan kwamfuta yakan kasance libasound.so.2.0.0, shi kuwa libasound.so.2 manuni ne kawai zuwa gare shi. Amma idan suka yi sauyin da zai sa tsofaffin manhajoji su kasa fahimtarsa, sai su ƙara babbar lambar. Bambancin ƙananan lambobi kamar bambancin lafazi ne tsakanin Bakano da Bazazzagi, ana fahimtar juna. Bambancin babbar lamba kuwa ya kai na harshe da harshe.

4.0 Li'irabin Saƙon Kuskure

Saƙon yana da sassa biyar, kuma alamar ɗigo biyu ce ke raba su. Sashe na farko, ./praat, shi ne sunan wanda abin ya shafa. Na biyu yana faɗin lokacin da abin ya faru, wato yayin loda laburaren tarayya. Na uku, libgtk-x11-2.0.so.0, shi ne sunan abin da aka nema. Na huɗu yana cewa an kasa buɗe fayil ɗin. Na biyar yana faɗin dalili: babu wannan fayil ko jaka.

Sashe na uku da na biyar su ne zuciyar jimlar. Na uku ya nuna cewa abin da aka rasa shi ne GTK na 2, wato laburaren da ke zana taga da maɓallai. Tsofaffin bugu na Praat da shi aka ƙera su, sababbi kuwa sun koma GTK na 3, wanda fayil ɗinsa shi ne libgtk-3.so.0. Sababbin bugu na Ubuntu su ma sun dogara ne ga na 3 da abin da ya biyo bayansa, don haka ba lalle ne a tarar da na 2 a kansu ba. Tsohuwar manhaja ce ta sauka a sabon masauki.

Game da sashe na biyar, akwai buƙatar lura. Cewa babu fayil ba ya nufin babu shi a kwamfutar baki ɗaya. Abin da yake nufi shi ne, babu shi a wuraren da mahaɗi ya duba.

5.0 Bincike Kafin Gyara

Kafin a taɓa komai, a kwafe muryoyin da aka ɗauka da duk fayilolin rubutun da ke tare da su zuwa filashi ko wata ma'ajiya daban. Bayan haka sai a yi wa kwamfutar tambayoyi uku, domin matambayi ba ya ɓata.

Tambaya ta farko: me da me aka rasa? Mahaɗi yakan tsaya ne a kan laburare na farko da ya rasa, don haka mai gyara ɗaya-ɗaya zai yi ta ganin sabon saƙo bayan kowane gyara. Umarnin ldd yana kawo jerin gaba ɗaya:

ldd ./praat

Kowane layi yana nuna suna da kuma inda aka same shi. Inda aka ga not found, nan ne giɓi yake. A kiyaye, kada a yi amfani da ldd a kan fayil ɗin da ba a san asalinsa ba, domin a wasu halaye yana iya tayar da shi. Ga irin wannan fayil, umarnin readelf -d ./praat ya fi aminci, domin karantawa kawai yake yi, kuma layukan da ke ɗauke da kalmar NEEDED su ne jerin buƙatun.

Tambaya ta biyu: shin mahaɗi ya san wani mai kama da shi? A rubuta:

ldconfig -p | grep libgtk

Wannan zai nuna duk laburaren da ke cikin rajista masu wannan saiwa, tare da lambobinsu.

Tambaya ta uku: shin manhajar da kwamfutar jinsinsu ɗaya? Umarnin file ./praat zai faɗi ko manhajar mai bit 32 ce ko mai bit 64. Umarnin uname -m kuma zai faɗi na kwamfutar: x86_64 na nufin bit 64, i686 na nufin bit 32, aarch64 kuma wani jinsin inji ne daban mai suna ARM.

Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne za su nuna wanne ne sanadin daga cikin huɗun da ke tafe.

6.0 Sanadai da Magungunansu

6.1 Laburaren Ba ya Kan Kwamfutar

Wannan shi ne ya fi yawa, kuma shi ne ya fi sauƙin magani. A Linux ba a girka laburare fayil-fayil. Ana girka shi ne a cikin ƙunshi, daga rumbun da masu kula da wannan nau'in Linux suka tanada. Matsalar ita ce sunan ƙunshi ba ya zama daidai da sunan fayil. A Ubuntu da Debian, manhajar apt-file ce ke haɗa sunayen biyu:

sudo apt install apt-file
sudo apt-file update
apt-file search libgtk-x11-2.0.so.0

Kalmar sudo tana nufin a yi aikin da ikon mai kula da kwamfuta, don haka za a nemi kalmar sirri. A Ubuntu 22.04 amsar za ta nuna ƙunshi mai suna libgtk2.0-0. A Ubuntu 24.04 kuwa sunan ya koma libgtk2.0-0t64, kamar yadda libasound2 ya koma libasound2t64. Dalilin wannan ƙari shi ne gyaran da aka yi wa yadda ake ƙirga lokaci, domin tsohon ma'aunin mai bit 32 zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038. Darasin da ke nan shi ne, kada a haddace sunan ƙunshi daga tsohon littafi ko bakin aboki. A tambayi kwamfutar kanta. Bayan an sami sunan sai a girka:

sudo apt install libgtk2.0-0t64

A Fedora, umarnin dnf provides ne ke yin wannan bincike. Girka GTK na 2 ba ya cutar da na 3, domin sunayensu sun bambanta, suna zama tare lafiya.

Akwai kuma hanyar da ta fi wannan gajarta. Praat kanta tana cikin rumbun Debian da Ubuntu. Wanda ya rubuta sudo apt install praat zai same ta tare da duk laburaren da take buƙata, ko da yake bugun da ke rumbu yakan kasance baya kaɗan da wanda ke shafin masu ita.

6.2 Laburaren Yana Nan, Mahaɗi Bai San Wurinsa ba

Wannan yakan faru idan an ƙera laburaren da hannu, ko kuma ya zo a cikin jakar wata manhaja. A neme shi da umarnin find:

find / -name "libgtk-x11*" 2>/dev/null

Idan ya bayyana a /usr/local/lib, to a Ubuntu da Debian rajista ce kawai ba a sabunta ba, sai a rubuta sudo ldconfig. Idan kuma a wata jaka yake, misali /opt/awo/lib, akwai zaɓi biyu. Na dindindin shi ne a buɗe sabon fayil mai ƙarewa da .conf a cikin /etc/ld.so.conf.d, a rubuta sunan jakar a ciki, sannan a maimaita sudo ldconfig. Na wucin gadi kuwa shi ne a nuna wa mahaɗi hanya a wannan tashin kaɗai:

LD_LIBRARY_PATH=/opt/awo/lib ./praat

Zaɓi na biyu ya fi dacewa da ɗalibin da ke aiki a kwamfutar ɗakin gwaji, inda ba shi da kalmar sirrin mai kula. Sai dai bai kamata a mayar da wannan saiti na kullum ga dukkan kwamfutar ba, domin mahaɗi yana duba shi kafin rajista, kuma hakan na iya sa wasu manhajojin su ɗauki laburaren da ba nasu ba.

6.3 Akwai Mai Saiwa Ɗaya, Amma Lamba ta Bambanta

A nan ne aka fi yin kuskure. Tsohuwar manhaja tana neman libpng12.so.0, laburaren hoto da ke cikin Ubuntu 16.04, alhali sababbin bugu libpng16.so.16 suke da shi. Ko tana neman libssl.so.1.1, alhali daga Ubuntu 22.04 an koma libssl.so.3. Masu manhajojin lissafi kuma sukan haɗu da neman libgfortran.so.3 a kwamfutar da ke da libgfortran.so.5.

Dabarar da ke saurin zuwa wa mutum ita ce ya ƙirƙiri manuni mai tsohon suna ya nuna shi ga sabon fayil, don ya yaudari mahaɗi. Kama da wane ba wane ba ne. Wani lokaci manhajar takan ƙi tashi da sabon saƙo, wani lokaci ta tashi ta mutu a tsakiyar aiki. Mafi muni shi ne ta yi kamar tana aiki daidai alhali akwai ɓaraka a ciki. Ga manhajar awo wannan babban haɗari ne, domin ɗalibin da ya rubuta cewa wasali ya kai milisakan kaza ba shi da hanyar kare wannan adadi idan kayan awon nasa na jabu ne.

Maganin gaskiya shi ne a sauko da sabon bugun manhajar wanda aka ƙera domin laburaren yanzu. Idan masu ita sun daina sabunta ta amma sun bar asalin rubutunta a buɗe, ana iya sake ƙera ta a kan kwamfutar. Idan duk wannan bai yiwu ba, sai a samo tsohon laburaren daga ma'ajiyar hukuma ta wannan nau'in Linux, a ajiye shi a keɓaɓɓiyar jaka, a nuna shi ga wannan manhaja kaɗai ta hanyar da aka bayyana a 6.2. Wannan rangwame bai haɗa da libssl ba, domin laburaren tsaro ne, kuma tsohonsa da aka daina gyarawa ƙofa ce a buɗe.

6.4 Saɓanin Jinsi ko Tsufan Babbar Manhaja

Manhaja mai bit 32 ba ta iya aron laburare mai bit 64, haka nan akasin haka. Idan saƙon ya ƙunshi wrong ELF class, to wannan ne sanadin. Wani lokaci ma, idan babu mahaɗi mai bit 32 a kwamfutar, amsar takan zo cewa babu fayil ɗin manhajar kanta, alhali ga shi ana gani. Maganin shi ne a sauko da bugun da ya dace da abin da uname -m ya nuna.

Saƙo na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne mai kama da wannan:

version `GLIBC_2.34' not found

Wannan kishiyar misalin Paspanga ne: sabuwar manhaja ce a tsohon masauki. Laburaren glibc shi ne ginshiƙin da kusan kowace manhajar Linux ta jingina da shi. Ubuntu 20.04 yana da bugu na 2.31, Ubuntu 22.04 yana da 2.35, Ubuntu 24.04 kuma 2.39. Manhajar da ke buƙatar 2.34 ba za ta tashi a kan 20.04 ba. Zaɓi biyu ne kawai masu lafiya: a nemi bugun manhajar da ya yi zamani da kwamfutar, ko kuma a ɗaukaka Ubuntu ɗin gaba ɗaya. Kada a kuskura a goge libc.so.6 ko a musanya shi da hannu. Wanda ya yi haka zai tarar hatta umarnin kwafa da na duba jaka sun daina aiki.

7.0 Gyara Inda Intanet ke da Wuya

Ba kowane ɗalibi ke da intanet a ɗakinsa ba, kuma mai aikin fili yakan yi nisa da gari. Ana iya raba aikin gida biyu. A kan kwamfutar da ke da matsala, a rubuta:

apt-get install --print-uris libgtk2.0-0t64

Wannan ba ya girka komai. Yana fitar da adireshin kowane ƙunshi da ake buƙata, har da waɗanda shi ƙunshin ya dogara da su. A kwafi jerin, a je inda ake da intanet a sauko da fayilolin, waɗanda ke ƙarewa da .deb, a zuba su a jaka ɗaya, a shiga jakar a rubuta sudo dpkg -i *.deb. Har ila yau, ƙunshin da aka girka da apt-get yakan bar kwafinsa a /var/cache/apt/archives, don haka ɗalibi ɗaya zai iya saukewa ya raba wa 'yan ajinsu. Sharaɗin shi ne bugun Ubuntu da jinsin injin su zama ɗaya. Ƙunshin 22.04 ba na 24.04 ba ne.

8.0 Abubuwan da Ya Kamata a Guje Musu

Na farko, sauko da fayil ɗin .so ko .dll shi kaɗai daga shafin da ba a san mai shi ba. Laburare yana aiki ne da duk ikon manhajar da ta are shi, don haka gurɓatacce yana iya karanta ko lalata fayilolin mutum. A Windows, idan aka ce an rasa VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll, maganin shi ne a girka ƙunshin Visual C++ daga shafin Microsoft kansa.

Na biyu, rubuta umarni mai sudo ba tare da an fahimci abin da zai yi ba. Idan apt ya nuna cewa zai cire wasu ƙunshe-ƙunshe masu yawa kafin ya girka ɗaya, a amsa masa da a'a, a sake bincike.

Na uku, garajen kai kwamfuta a wanke ta, wato a goge komai a sake zuba babbar manhaja. Rashin laburare ba cuta ba ce da ke buƙatar wannan, kuma ta wannan hanya ce muryoyin da aka sha wahalar ɗauka ke salwanta.

Na huɗu, barin gwaji sai ranar buƙata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a fita aikin fili, a tayar da manhajar, a ɗauki murya, a saurara, a auna wasali ɗaya. Sannan a rubuta lambar bugun manhajar da ta babbar manhajar a littafin aiki, domin za a buƙace su a babin hanyoyin gudanar da bincike, kuma da su ne wani zai iya maimaita awon.

9.0 Kammalawa

An ga cewa laburaren tarayya kayan aro ne da manhaja ke tsammanin tararwa a masaukinta, kuma mahaɗi ne ke nemo mata shi a wurare ƙayyadaddu. An ga kuma cewa saƙon kuskuren yana ɗauke da sunan abin da aka rasa da dalilin rashinsa. Ko dai babu laburaren, ko yana nan ba a san wurinsa ba, ko lambarsa ta bambanta, ko kuma jinsi da zamani ne suka saɓa. Ga ɗalibin Paspanga, ldd zai nuna masa giɓin, apt-file ya ba shi sunan ƙunshin, umarni ɗaya ya girka shi. Idan kuma ya fi son huta wa kansa, sai ya ajiye tsohon kwafin ya ɗauki sabon bugu. Ta kowace hanya ya bi, muryoyin dattawan suna nan yadda ya ɗauko su, sai ya koma kan tambayarsa ta asali game da wasulan ƙarshen kalma.

10.0 Tambayoyin Auna Fahimta

1. A feɗe sunan libpulse.so.0 zuwa sassansa, a faɗi aikin kowane sashe.
2. Me ya sa ake cewa saƙon rashin laburare ba daga manhajar kanta yake fitowa ba?
3. A bayyana bambancin da ke tsakanin sanadin da ke 6.1 da wanda ke 6.2, da umarnin da ke rarrabe su.
4. Wane haɗari ke tattare da laƙaba wa sabon laburare tsohon suna, musamman ga mai auna tsawon wasali ko karin sauti?
5. Wannan takarda ta yi amfani da kalmomin mahaɗi da ƙunshi da rumbu da tagar umarni. A tattauna dacewar kowace ɗaya, a kuma kawo wadda za ta iya maye gurbinta a Hausar yankin ɗalibi.